Katkat: motar kullum ko ta tafiyar ƙarshen mako?

Duk wanda ya tara ƴan kuɗi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya fara tunanin sayen mota, da wuya ido bai kai shi ga katkat ba. Tana da tsayi, tana da kwarjini, kuma ba ta tsoron rairayi. Sai dai kafin a biya kuɗi akwai tambayar da ya kamata a amsa: ita za a riƙa shiga kullum, ko ajiye ta za a yi sai Asabar da Lahadi a je gona ko ƙauye?

Ba kowace doguwar mota ce katkat ta gaske ba

Kashi uku ake da su a kasuwa. Na farko su ne irin su Toyota Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da yawancin Hilux. Ƙafafun baya ne ke tura su, sai direba ya ga buƙata ya haɗa na gaba. Na biyu irin su Prado, waɗanda ƙafafu huɗu ke aiki a kowane lokaci. Na uku irin su RAV4: sun fi ƙaramar mota tsayi, amma ba su da ƙaramin giya na L4 da ke fitar da mota daga zurfin rairayi ko taɓo.

Wannan bambanci ya shafi mai zaman gari kai tsaye. Kashin farko ba a saka musu H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta. Ba su da na'urar da ke barin ƙafafun gaba da na baya su juya da gudu daban-daban a kwana, don haka ƙarafan ciki su ɗaure, tayoyi su cinye. A cikin gari, ke nan, mai irin wannan mota na yawo ne da nauyin da ba ya amfani da shi.

Lissafin mai

A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin lita: esans ya koma CFA 499, gazuwal CFA 618. Mu ɗauki wanda ke yin kilomita 1000 a wata. In katkat ɗinsa na shan lita 13 na gazuwal a kilomita 100, zai zuba kusan jika 80. In ƙaramar mota ce mai shan lita 8 na esans, kusan jika 40 ne. Ratar jika 40 ke nan duk wata, kusan daidai da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda ya koma jika 42 a 2024. A shekara abin ya tasam ma rabin miliyan.

Ba a mai kaɗai abin ya tsaya ba. Injin Land Cruiser na 1HZ, mai lita 4,2, yakan sha fiye da lita 9 na baƙin mai a kowane bidanj, alhali Corolla kusan lita 4 ya ishe ta. Tayoyinta sun fi tsada. Binyeti da asirans kuma na hawa ne gwargwadon lambar CV da ke rubuce a kartagiriz.

Wa ya kamata ya shiga ta kullum?

Wanda aikinsa ke sauke shi daga kwalta sau da yawa a mako: ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, likitan dabbobi, mai aikin rijiyoyi, mai gona nesa da babbar hanya. Haka ma wanda unguwarsa rairayi ce zalla, ko ruwa ke yanke ta da damina. Ga irin waɗannan, kuɗin mai bai kai asarar yini guda da mota ta kafe ba.

Wanda kuwa zirga-zirgarsa daga gida ce zuwa ofis, makarantar yara da kasuwa, tafiyarsa mai nisa kuma bisa RN1 ce, daga Yamai zuwa Doso, Ƙwanni, Maraɗi har Damagaram, ƙaramar mota mai ɗan tsayi ta wadatar da shi. A tuna kuma cewa mota mai tsayi ta fi saurin kifewa in aka karya kan ta da gudu, kuma direbanta ba ya ganin yaro ko ɗan kabu-kabun da ke dab da hancinta. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare, katkat ce ƴan bindiga suka fi nema.

Ajiya ma tana da nata kuɗi

Mai cewa zai ajiye ta sai ƙarshen mako ya san cewa binyeti, asirans da bisit teknik ba sa jira, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Batir na mutuwa, zafin rana na tsattsaga tayoyi, robobin injin na bushewa, ɓeraye na cin wayoyi. Littafin Toyota ma ya ba da shawarar a riƙa tafiyar kusan kilomita 16 da ƙafafu huɗu kowane wata, don mai ya zagaya ƙarafan gaba. A yi hakan a kan rairayi ko burji, a ajiye ta a inuwa, a tayar da ita kowane mako.

Yadda za a yanke shawara

A ɗauki takarda, a rubuta tafiye-tafiyen wata uku da suka wuce, a ƙidaya ranakun da ƙaramar mota ba za ta iya kai mutum inda ya je ba. In sun kai biyu ko uku a mako, katkat ta cancanci zama motar kullum. In kusan kowane ƙarshen mako ne, kuma aljihu zai ɗauki takardun mota biyu, ana iya ajiye ta gefe. In kuwa tafiyar sallah ce, ko biki, ko duba gona lokacin shuka da girbi, hayar katkat da direbanta a waɗannan ƴan kwanaki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin a biya kuma, a je da makanikin da aka yarda da shi, a gwada L4 a cikin rairayi, ba a filin dillali ba.