Gano Yawaitar Bakteriya a Ƙaramin Hanjin Masu Ciwon Fankiriyas: Abin da Ya Dace da Jere da Kudancin Kaduna

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ta daɗe tana ciwo sai ruwan ya ragu, abinci ya riƙa wucewa bai narke ba, bakteriyar da mazauninta babban hanji ne ta yaɗu zuwa ƙaramin hanji ta hayayyafa. Nazarin da Capurso da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna kusan kashi 36 cikin 100 na masu daɗaɗɗen ciwon fankiriyas na fama da wannan matsala. Matsayin wannan maƙala shi ne a tabbatar da ita ta hanyar gwaji, domin alamominta ba su isa hujja ba.

Nijeriya ta daɗe da sanin ciwon fankiriyas. Tun a 1980 Nwokolo da Oli suka yi bayani a mujallar Lancet kan nau'in da ke kama yara da matasa a ƙasashe masu zafi. Yawan shan giya, har da burkutu, shi ma sanadi ne. Sannan, ta fuskar yawaitar bakteriya, ciwon suga da magungunan kashe zafi irin Tramadol suna rage motsin hanji, maganin olsa irin Omeprazole kuma yana rage tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Wahalar ita ce alamomin yawaitar bakteriyar sun yi kama da na ciwon fankiriyas ɗin kansa: kumburin ciki, yawan iska, zawo mai maiƙo, rama da ƙarancin jini. Majinyaci a Jere ko Kagarko yakan ce taifot ne ko olsa, ya sayi Flagyl a kemis. Ya ɗan samu sauƙi, ciwon ya dawo, kuma maganin ya riga ya gurɓata sakamakon gwajin da za a yi masa.

Hanyoyin gwajin biyu ne. Ta farko ita ce a zura na'ura ta baki a ɗebo ruwan hanji a shuka shi. Matsayar masana na Arewacin Amurka ta 2017 ta ɗauki ƙwayoyi 1,000 a mililita guda a matsayin shaida. Sai dai wannan aikin manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Shika ko Gwagwalada, ga tsada ga nisa.

Ta biyu ita ce gwajin numfashi. Jikin ɗan'adam ba ya samar da iskar haidurojin, bakteriya ce ke fitar da ita. Majinyaci zai yi sa'a 8 zuwa 12 bai ci komai ba, ya sha gulukos giram 75, a riƙa auna numfashinsa. Idan iskar ta ƙaru da kashi 20 cikin miliyan kafin minti 90, an samu shaida. Wajibi ne ya yi mako huɗu bai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba.

Za a iya cewa gwajin yana da rauni, kuma haka ne. Gulukos na tsotsuwa tun a farkon hanji, don haka yakan kasa gano ƙwayoyin da ke can ƙarshensa, kuma mai ciwon suga na buƙatar sa ido lokacin shan sa. Duk da haka ya fi gwajin numfashin da ake yi da laktulos ƙarancin nuna cuta inda babu ita, ya kuma fi hasashe nesa ba kusa ba.

Tsarin da ya dace shi ne a fara da duba bayan gida don kawar da tsutsar ciki da jiyadiya, a bincika tarin fuka da cutar ƙanjamau, sannan a tura wanda zawonsa ya ƙi tsayawa duk da shan ƙwayoyin narkar da abinci zuwa gwajin numfashi. Na'urar ƙarama ce, ma'aikacin jinya zai iya koyon aiki da ita. Muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Kaduna da na tarayya da su samar da ita a manyan asibitocin Kafanchan da Kagarko, masu bincike kuma su tattara alƙaluman yankin domin magani ya ginu bisa hujja.