Kafin Igwa Ta Tashi A Ƙofar Kabuga

Yau dai ba labarin soyayya na zo da shi ba, sai a yi haƙuri. Ina rubuta wani littafi ne da ya taɓo zuwan Turawa, wani dattijo a kasuwar Batsari ya ce mini, "Ɗana, ai Sarkin Kano Alu gudu ya yi." Maganar ta tsaya mini a rai har na iso Safana.

Ga yadda abin ya faro. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Bature Kyaftin Moloney, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugard kuwa dama neman dalili yake. Faransawa sun riga sun zauna Damagaram tun 1899, Kano kuma ita ce tashar ayarin Sahara, inda fatake ke sauke kayan Tarabulus su ɗauki fata da turkuɗi. Wa zai bar wa kishiya irin wannan kasuwa?

A Oktoban nan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru. Farkon Janairu 1903 Alu ya ɗauki manyan fadawansa da dawakai ya nufi Sakkwato yin mubaya'a, ya bar gari a hannun Sarkin Shanu Muhammadu. Ranar 29 ga wata Kanal Morland ya baro Zariya da sojoji wajen 800 da igwa da bindiga mai ruwa. Abin da ke ci mini rai, mafi yawan sojojin nan baƙar fata ne, da yawa Hausawa. Suka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano. Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki.

To, lokacin da ya bar Kano ba gudu ya yi ba, sai dai ya fita a mummunan lokaci. Inda dattijo ke da gaskiya shi ne a hanyar dawowa: da labari ya iske shi, Alu ya sulale da dare ya yi arewa, ya bar ɗan'uwansa Waziri Ahmadu, wanda ya faɗi a Kwatarkwashi, can yamma da dajin Rugu. Alu kuwa aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926.

Mu Katsinawa kada mu cika baki, garinmu ko harsashi ɗaya ba a harba ba.