Umaru Altine, Falken Shanun da Ya Zama Magajin Garin Enugu

A shekarar 1956 Enugu ta samu matsayin birni mai majalisar kansa, kuma mutumin farko da ya hau kujerar magajin garinta shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga Sifawa a ƙasar Sakkwato. Fataucin shanu ne ya kai shi Gabas, domin dabbobin da ake kiwo a dazukan Arewa sun daɗe suna ƙarewa a mahautan Kudu. Ana yawan kawo labarinsa a matsayin shaidar kirkin mutanen da. Kirki kam akwai shi, amma ba shi ya ɗora Altine ba. Yanayin garin ne. Enugu ba tsohon birni ba ce mai ganuwa da gidan sarauta kamar Katsina. Kwal ɗin da aka gano a yankin a 1909 shi ya haife ta, jirgin ƙasa daga Fatakwal ya iso a 1916, daga baya layin ya haɗe da Arewa. Lebura da akawu da mahauci duk zuwa suka yi, har da akasarin Ibo mazauna garin. Inda kusan kowa baƙo ne, ba a cika tambayar gidan su wa mutum ya fito ba, sai dai wace ƙungiya yake, kuma Altine ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe ne na gaba-gaba, ya kuma auri 'yar ƙasar.

Wani zai ce ai dabarar Azikiwe ce, don a nuna wa NPC ta Sardauna cewa NCNC ba jam'iyyar ƙabila ɗaya ba ce. To, ko da haka ne, dabara ba ta ci sai jama'a sun yarda a yi ta da su. Da sunan Bafulatani zai jawo wa jam'iyya faɗuwa a Enugu, hedikwatar Jihar Gabas, da ba wanda zai tsayar da shi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne abin bai ɗore ba, tunda kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa sun watsa wannan zama. Gaskiya ne, sai dai abin da ya toshe hanyar dindindin ya zo ne ta ofis: takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Yau jikan falke irin Altine, ko a Enugu aka yanke masa cibiya, Sakkwato za a tura shi ya karɓo tasa.