Tarihin Inshorar Medigap a Amurka

Medigap inshora ce da tsofaffi a Amurka ke saya daga kamfanoni masu zaman kansu, domin ta biya abin da gwamnati ta bar musu a wuya na kuɗin jinya. Tushenta dokar Medicare ce, ta inshorar lafiyar da gwamnati ke ba tsofaffi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 30 ga Yuli, 1965, a garin Independence na jihar Misuri, inda aka ba tsohon shugaba Harry Truman katin farko. Da shirin ya fara aiki a 1966, wanda aka kwantar a asibiti shi ke biyan dala 40 ta farko. Na ganin likita kuwa, sai ya biya dala 50 a shekara, sannan kashi 20 cikin 100 na sauran, komai yawansa. Rashin iyakar nan ne ya buɗe wa kamfanoni kasuwa.

Kasuwar ta taso da ha'inci mai yawa. Dillalai kan bi gida-gida suna tsorata tsofaffi cewa ciwo ɗaya zai lashe abin da suka tara, har a iske tsohuwa da takardun inshora barkatai, duk a kan abu guda, tana biyan kowace daga ɗan kuɗin fanshonta. Kwamitin majalisar wakilai mai kula da tsofaffi, ƙarƙashin Claude Pepper, ya bankaɗo wannan a 1978. Gyaran dokar da aka yi a 1980, mai ɗauke da sunan Sanata Max Baucus, ya gindaya sharuɗɗa, amma bai yi kaifin da zai hana ha'incin ba.

A 1988 majalisa ta yi dokar da za ta sa iyaka ga abin da tsoho zai biya, sai dai daga aljihun tsofaffin za a tara kuɗin. Suka ce ba su san zance ba. A Agustan 1989 wasunsu suka yi wa motar ɗan majalisa Dan Rostenkowski ƙawanya a Cikago, kafin shekara ta ƙare aka soke dokar.

Gyara na haƙiƙa ya zo a 1990. Aka taƙaita Medigap zuwa tsari goma, daga A zuwa J, ta yadda duk mai harafi ɗaya abu ɗaya yake biya a kowane kamfani, farashi kawai ke bambanta. Aka hana sayar wa mutum wadda yake da irinta, aka kuma ba ɗan shekara 65 wata shida da shiga sashen B na Medicare (na ganin likita), wanda a cikinsa ba kamfanin da zai ƙi shi saboda ciwon da yake da shi. Wannan ita ce kariya mafi girma da tsofaffin suka samu.

An soke wasu haruffan a 2010, aka ƙara M da N, kuma daga 2020 sababbin shiga ba sa iya sayen C da F. Har yau ainihin Medicare ba ta da iyakar abin da majinyaci zai biya a shekara.