Yadda 'yan fanshon birnin Niyok suka ja da shugabannin ƙungiyoyinsu kan inshorar lafiya

Daga shekarar 2021 zuwa 2025, tsofaffin ma'aikatan gwamnatin birnin Niyok na ƙasar Amurka, waɗanda yawansu ya kai kimanin mutum 250,000, kuma suka haɗa da malaman makaranta da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan tsabtace gari, sun kai ruwa rana da hukumomin birnin a kan shirin sauya musu tsarin inshorar lafiya. Abin da ya bambanta wannan takaddama da rigingimun ƙwadago da aka saba gani shi ne, waɗanda 'yan fanshon suka ja da su sun haɗa da shugabannin ƙungiyoyin da suka shafe shekarun aikinsu suna biya wa kuɗin ƙungiya, domin da sa hannun waɗannan shugabanni aka ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da sauyin.

Tun 1965 gwamnatin tarayyar Amurka take gudanar da shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga wanda ya kai shekara 65, wadda ke biyan kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin ganin likita ta bar wa majinyaci sauran. Birnin Niyok ya daɗe yana cike wa tsofaffin ma'aikatansa wannan giɓi ta hanyar wata inshorar ƙari, wadda aka fi sani da Senior Care, ba tare da sun biya kuɗin wata-wata ba, kuma sashe na 12-126 na kundin dokokin birnin, wanda aka kafa a 1967, ya wajabta wa hukuma biyan kuɗin inshorar ma'aikata da 'yan fansho har zuwa wani adadi da aka ƙayyade. Ma'aikata da yawa sun haƙura da albashin da bai kai na kamfanoni ba saboda wannan tabbaci na kula da lafiyarsu idan tsufa ya zo.

Tushen matsalar yana cikin yarjejeniyoyi biyu da magajin gari Bill de Blasio ya ƙulla da gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan birnin, wadda ake kira MLC a taƙaice, kuma take tattare da ƙungiyoyi kimanin ɗari. A 2014 gamayyar ta amince a rage dala biliyan 3.4 daga abin da ake kashewa kan lafiya, aka kuma ɗebi dala biliyan 1 daga asusun da aka keɓe domin daidaita kuɗin inshora, aka yi amfani da ita wajen ƙarin albashin masu aiki. A 2018 aka sake alkawarin rage dala biliyan 1.1 cikin shekara uku, tare da tsimin dala miliyan 600 a kowace shekara bayan haka. Da aka zo neman inda wannan tsimi zai fito, sai ido ya faɗa kan 'yan fansho, waɗanda ba su da kujera a teburin tattaunawar.

Shawarar da gamayyar ta amince da ita a watan Yulin 2021 ita ce a mayar da su cikin tsarin Medicare Advantage, wanda a cikinsa gwamnatin tarayya ke biyan kamfani mai zaman kansa kuɗi a kan kowane mutum, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin jinyarsa, abin da zai sauke wa birnin mafi yawan nauyin. Wanda ya fi son zama a tsohon tsarin sai ya riƙa biyan kimanin dala 191 a wata. Shugabanni irin su Michael Mulgrew na ƙungiyar malamai ta UFT da Henry Garrido na ƙungiyar DC 37, waɗanda ƙungiyoyinsu suka fi rinjayen ƙuri'a a gamayyar, sun dage cewa sabon tsarin bai gaza tsohon ba, kuma in ba a yi haka ba masu aiki ne za su fara biyan kuɗin inshora daga albashinsu. Wannan fargaba tasu ba ta banza ba ce, domin asusun ya riga ya yi ƙasa ƙwarai. Su kuwa 'yan fanshon, tsoronsu shi ne likitocin da suka saba da su su ƙi karɓar sabuwar inshorar, da kuma sharaɗin neman izinin kamfani kafin a yi wa majinyaci wasu gwaje-gwaje ko aiki. Binciken da ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiyar Amurka ya fitar a 2022 ya ƙarfafa musu gwiwa, domin ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari na buƙatun izinin da kamfanonin wannan tsari suka ƙi amincewa da su sun cika ƙa'idojin Medicare.

Da suka ga ƙungiyoyinsu ba za su tsaya musu ba, sai suka kafa tasu a 2021 ƙarƙashin jagorancin Marianne Pizzitola, tsohuwar ma'aikaciyar agajin gaggawa a hukumar kashe gobara, suka yi karo-karo daga kuɗin fanshonsu suka ɗauki lauyoyi. A watan Maris na 2022 alƙali Lyle Frank na kotun jiha da ke Manhattan ya yanke hukuncin cewa sashe na 12-126 ya hana birnin karɓar dala 191 ɗin, kamfanonin da aka ba kwangilar farko kuma suka janye. Gwamnatin sabon magajin gari, Eric Adams, tare da gamayyar, ta nemi majalisar birni ta gyara sashen, majalisar ba ta yi ba, sai aka ƙulla sabuwar kwangila da kamfanin Aetna a 2023 wadda ta tanadi soke Senior Care baki ɗaya. Ita ma alƙalin ya dakatar da ita a watan Agustan 2023.

Duk da waɗannan nasarori na kotu, akwatin zaɓe ne ya fi girgiza shugabannin. UFT na daga cikin ƙungiyoyin da ke bai wa tsofaffin mambobinsu damar jefa ƙuri'a, kuma reshen malaman da suka yi ritaya ya daɗe yana zama ginshiƙin ɓangaren da ke mulkin ƙungiyar. A watan Yunin 2024 'yan adawa ƙarƙashin Bennett Fischer suka karɓe wannan reshe da kimanin kashi 63 cikin ɗari na ƙuri'un, kuma kafin watan ya ƙare Mulgrew ya sanar da janye goyon bayan ƙungiyarsa ga shirin da ya shafe shekara uku yana karewa. Hujjojin da tsofaffin malaman suka yi ta gabatarwa tun 2021 ba su canza ba, ƙuri'arsu ce ta sa aka saurare su, kuma wannan ya nuna irin hatsarin da ke tattare da barin shugabanni su yi ciniki da haƙƙin mutanen da ba su da ikon tsige su. A DC 37, inda 'yan fansho ba su da irin wannan ƙuri'a, shugabancin ya ci gaba da kare shirin.

A watan Yunin 2025 kotu mafi girma a jihar Niyok ta yanke hukuncin cewa 'yan fanshon ba su tabbatar da cewa birnin ya yi musu bayyanannen alkawarin barinsu a tsohon tsarin har ƙarshen rayuwa ba, ta kuma mayar da sauran batutuwan zuwa kotun ƙasa. Kwanaki kaɗan bayan haka Adams, wanda ke neman a sake zaɓensa a shekarar, ya sanar cewa ya jingine shirin duk da nasarar da ya samu. 'Yan fanshon sun ci gaba da riƙe inshorarsu, sai dai hukuncin ya raunana kariyar da suke da ita a shari'a, wanda hakan ya sa suka mayar da hankali kan neman majalisar birni ta kafa dokar da za ta tabbatar musu da wannan haƙƙi a rubuce.