Layin Birnin Kebbi da Taswirar Wutar Nijar

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, Nijeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar, cikin jerin takunkuman ƙungiyar ECOWAS. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga ƙetaren iyaka take fitowa, don haka Yamai da Maraɗi da Damagaram suka koma karɓar wuta unguwa-unguwa. Masu walda suka zauna, ƙanƙara ta yi tsada, asibitoci suka rataya ga janareto. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita.

Amma akasarin 'yan ƙasar ko a jikinsu. Kusan mutum huɗu cikin biyar a Nijar ba su da wutar lantarki a gida tun fil azal, a ƙauyuka ma abin ya fi haka muni. Wanda turken wuta bai taɓa isa garinsa ba, ba shi da abin da za a ɗauke masa. Duk nazarin da zai tsaya kan fushin Abuja kaɗai ya bar wannan babban rukuni a baya.

Taswirar wayoyin ƙasar ita ke ba da labarin. A 1976 aka ja layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ɗauke da wutar madatsar Kainji. Jami'an Nijeriya sun sha faɗa cewa arahar wutar na da dalili: kada Nijar ta datse kogin Kwara daga sama, ruwan Kainji ya ja baya. Daga baya wani layin ya shigo ta Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Can arewa kuma, tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araren ta fara aiki a 1981, musamman domin ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan, garin Agadas ya samu albarkacinsu. Kowane yanki da tushensa, kuma shekaru da dama suka shuɗe ba a haɗe su da juna ba. An bi ofisoshin babban birni, an bi ramin ma'adinai, an bi inda iyaka ta fi kusa. Manomin albasa a kwarin Galmi, wanda injin ban-ruwansa ke shan fetur kullum, bai shiga wannan lissafi ba.

Wasu za su ce sayen wuta mai araha hikima ce ga ƙasa matalauciya, kuma da gaskiyarsu. Wutar ruwa ta fi ta dizal sauƙi nesa ba kusa ba, tashar dizal ta Goru Banda da aka buɗe a 2017 ta nuna hakan. Laifin yana wani wuri: arahar ta kwantar wa masu tsarawa da hankali, har madogara ɗaya ta zama tamkar ita ce tsarin gaba ɗaya.

Madatsar Kandaji ta kan kogin Kwara a Nijar, wadda ake sa ran za ta ba da megawat 130, ta daɗe tana zama amsar kowace tambaya. An aza tubalinta a 2008, aka soke kwangilar wani kamfanin Rasha a 2013, kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin ya karɓi aikin a 2019, juyin mulkin 2023 ya sake dakatar da shi. Ko da an gama ta gobe, megawat ɗinta ba za su kai kansu ƙauyukan Tasawa ko Matamaye ba sai da waya da taransifoma da mita, da kuɗin haɗawa wanda magidanci zai iya biya. A nan ne shirye-shirye da yawa ke tuntuɓe, domin shugabanni sun fi son yanke ƙyallen babbar tasha a kan kafa turaku dubu.

Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2023 ana tsakiyar duhu, ta rage wa Yamai raɗaɗi, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke yi wa yankinta tun 2018. Sai dai rana na faɗuwa daidai lokacin da gidaje ke kunna fanka da fitila, don haka batun batir da tashoshin ko-ta-kwana ba ya kaucuwa.

Gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wuta ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a nan da 2035. Mafi yawan jama'ar suna zaune ne a zirin kudu, daga Dosso zuwa Tawa da Maraɗi da Damagaram, inda garuruwa ke kusa da juna, jan waya kuma ya fi sauƙi. Daga nan ya kamata lissafin ya fara: garin da ke kusa da babban layi a ja masa, wanda ke nesa a kafa masa ƙaramar tashar sola mai iya juya injin niƙa da firijin allurar rigakafi, kana a haɗe yankin kogi, inda Yamai take, da na tsakiya ta yadda wutar Kandaji, in ta zo, za ta iya kai wa Damagaram.