Telomiya: alaƙarta da tsufa da ciwon daji

Telomiya wani sashe ne da ke bakin kowane zaren gado, wato kuromosom, a cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar jikin ɗan Adam tana da zare 46, kowanne da baki biyu, kuma telomiya ce ke tsare waɗannan bakuna, kamar ƙullin da ake yi wa igiya don kada ta warware.

Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, telomiya kan ɗan gajarce. A 1961 Leonard Hayflick na Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin mutum da aka raina a ɗakin gwaji kan rabu sau 40 zuwa 60, sannan su tsaya. Daga baya aka gane gajarcewar telomiya ce ke tsayar da su. Taruwar irin waɗannan ƙwayoyi na cikin dalilan tsufa, ko da yake ba ita kaɗai ba ce.

A 1984 Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano sinadarin telomires mai ƙara wa telomiya tsawo, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta 2009 tare da Jack Szostak. A yawancin ƙwayoyin jikin baligi wannan sinadari a kashe yake, kuma hakan kariya ce, domin ƙwayar da ta lalace ba za ta yi ta hayayyafa ba iyaka ba. Ciwon daji yakan keta wannan shinge: kimanin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan daji suna sake kunna telomires. Saboda haka duk mai tallar maganin da ya ce yana tsawaita telomiya don hana tsufa, abin a yi hattara da shi ne.

Ciwon dajin hanta shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Ƙwayar cutar hanta nau'in B takan cusa nata gadon kusa da sashen da ke sarrafa telomires, ta sa ya kunnu. Shi kuma aflatoksin, gubar da fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, yana lalata p53, mai gadin da ke tsayar da ƙwaya idan telomiyarta ta gajarce. Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka. Wannan ya shafi manoman ƙasar Mubi da sauran yankunan Adamawa da ke noma waɗannan amfanin gona: busar da su sosai kafin a kai rumbu na rage gubar. Rigakafin cutar hanta kuwa yana cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004, kuma an fi son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

A Yunin 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da imetelstat, magani na farko mai toshe telomires, amma don wata cutar ɓargo kawai.